Ƙarama Ta Kira, Manya Suka Amsa

A shagona na bakin kasuwar Garwa
fitilu biyu ke tsaye kamar giginya,
kowacce da farar lemarta.
Wurin maigidana Sanda na gaje su,
tare da bashin haya na wata uku
da labule mai zanen teku
wanda ba a taɓa jiƙa ƙafa a cikinsa ba.

Ta ukun a aljihuna take kwana.
Batir huɗu ne tuwonta.
Da ita nake bin suna da walima
a kan babur, har Pitowa.
Ban taɓa haɗa su aiki ba.
Ina ruwan 'yar yawo da masu zaman ɗaki?

Ran Laraba Baba Hamajoda ya shigo.
Shekara talatin da ɗaya yana jan motar auduga,
yanzu ido ya ce a sauka.
Ya ce, "'Yata ta Duwala ke son hoto.
Kada ka yi mini irin na katin shaida,
mutum kamar an kama shi da akuyar wani."

Na sauke tekun, na rataya baƙin ƙyalle.
Babba ɗaya a dama, sama da kafaɗa,
ɗayar a hagu, na rage mata ƙarfi.
Na danna.
Farar riga ta fito tana ihu,
fuska ta fito, ba laifi,
amma baƙar hularsa ta narke cikin ƙyalle,
ba ka sanin inda Baba ya ƙare, dare ya fara.

Sai na laluba aljihu.
Na ce wa Bakari yarona, tsuguna bayan kujera,
riƙe ta nan, saitin ƙeyarsa, kada ka yi numfashi.
Na cire wa manyan igiya,
na bar su su zuba ido:
in ƙarama ta yi walƙiya, su amsa.

Na danna. Duhu.
Na sake. Duhu, sai ɗan zare a gefen kunne.
Baba ya ce, "Ko ni ne ba na ɗaukuwa?"

Ashe gyaran murya take yi kafin magana,
ƙiftawa ɗaya ta awo, wadda ido ba ya kamawa,
manyan kuwa, da jin tari sai su ce amin,
su zubar da haskensu tun ƙofa ba ta buɗe ba.
Na hana ta awo. Na ce, faɗi sau ɗaya,
kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfinki ya isa.

Saura launi.
Nata haske fari ne mai sanyi, kamar ƙarfe da asuba,
nasu ya tsufa, ya ja ruwan zuma.
Bakari ya tofar da alewar bakinsa,
ya miƙe ledarta mai ruwan goro,
muka ɗaure mata a goshi da kyauron roba.

Na ce, Baba, wace hanya ce ta fi ba ka wuya?
Ya ɗaga haɓa, ya dubi wani wuri bayan bangona,
ya ce, "Gangaren Gaundare, da damina, ba birki."
Nan na danna.

Uku suka yi magana da baki ɗaya.

Ga hula ta dawo, da siririn haske a bakinta,
ga furfura ɗaya ɗaya a gefen wuya,
ga kafaɗar da ta karkace wajen sitiyari.
Ya daɗe yana kallo, ya kawo kyamarar dab da hanci.
Bai ce ya yi kyau ba.
Ya ce, "Wannan hasken na baya,
haka fitilar wata mota ke yi maka cikin dare,
ka san ba kai kaɗai ne a hanya ba."

Ya ƙirga sefa dubu biyu, ya ƙara wa Bakari ɗari
kuɗin alewa.
Ledar tana nan a goshinta har yau,
ƙudaje na sauka a kai.